Dattijo Mai Mayen Ƙarfe

A filin baje kolin tsofaffin motoci na garin Rättvik, Gunvor mai sayar da kofi ta ƙura wa wani baƙon dattijo ido. Gashinsa ya sha mai an kwantar da shi baya, ƙullin taba ya kumbura masa leɓe. Zagaya wata akori-kura yake, hannu a baya, kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa.

Motar kam ta sha wuya. An yanke rufinta an dasa a karkace, walda duk ta yi tudu kamar tabon ƙuna, ga salansa biyu a tsaye, ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Ya zaro mayen ƙarfe daga aljihu ya manna a ƙofa. Abin ya sulale cikin ciyawa.

"Ina ƙarfen?" yake tambayar Elof, mai motar. "Filar cike lotsa ce zalla aka shafa wa fenti! Kai ko baro bai kamata a ba ka gyara ba."

Kunnuwan Elof sun yi ja. "To dattijo, ina taka?"

"Ana kan aikinta. Ni ba na aikin gaggawa."

Gunvor ta san irinsu. Lalle motar dattijon tana can a rumfa ƙarƙashin tamfol tun Elof yana rarrafe, ɓeraye sun haifi jikoki a kujerunta.

Da aka tashi, akori-kurar ta fita tana tari tana aman hayaƙi. Ta wuce dattijon a bakin titi yana goge mayen ƙarfensa, yana jiran bas.