Matar da ta ji girgizar ƙasa a Muchia

Cikin shekarun da na yi ina kula da na'urar auna girgizar ƙasa a sashenmu na jami'a a Samaru, ranar da aiki ya kai ni unguwar Muchia ce ta ƙi fita daga raina. Ku da kuka shigo aikin nan bayana, ga yadda aka yi.

Wata safiya da damina na kunna kwamfuta don in duba abin da na'urar ta ɗauka. Sai na ga layin da ya saba tafiya miƙe ya ɗan yi karkarwa jiya da la'asar. Ba irin ta wucewar tirela ba ce, ba kuma ta masu fasa dutse ba. Na kira shugabar ɗakin gwajinmu, Dakta Rifkatu. Ta jima tana kallo, sannan ta ce, "Malam Bulus, wannan daga nesa ta taso. Girmanta sai mun haɗa da na sauran tashoshi. Kai dai fita ka tambayi mutane."

Ga wanda ba ɗan aikin ba, abu biyu muke aunawa. Akwai girman girgizar, wato ƙarfin da ya fito daga inda dutse ya tsage a ƙarƙashin ƙasa. Lamba ɗaya ce tak ga kowace girgiza, kuma daga na'urori ake samun ta. Sai tsananinta, wato yadda ta taɓa kowane wuri. Shi hawa goma sha biyu ne, daga wadda ba wanda ya ji har wadda ke rushe gari, kuma wata unguwa takan fi wata. A wurinmu, shi sai an je an tambaya.

Na hau babur. A Bomo manoma suka ce suna gona, ba su ji komai ba. A Hanwa ma haka. A kasuwar Sabon Gari wani mai kayan mota ya yi dariya ya nuna mini shagon maƙwabcinsa. "Tambayi Emeka. Uwarsa ta ce gidansu ya yi rawa."

Emeka bai yi dariya ba. Haifaffen Zariya ne, Hausa a bakinsa kamar tawa. Ya ja ni gefe ya ce tun rasuwar mahaifinsa tsohuwar take cewa tana jin muryar mijinta. Jiya kuma ta rarrafo daga bene da ciwon ƙafarta, ta ce ƙasa ta motsa, ta ƙi komawa sama. 'Yan haya duk sun ce ba su ji ba. Ya riga ya shirya da ƙannensa, gobe za su kai ta asibitin masu taɓin hankali.

Na roƙe shi ya kai ni gidansu a Muchia.

Mun same ta zaune a kan tabarma a ƙarƙashin matakala. Ƙa'idar aikinmu ita ce ba ka sa wa mutum magana a baki, ba ka kuma faɗa masa lokacin da na'ura ta nuna. Na gaishe ta, na ce, "Mama, me kika ji?"

Ta ce, "Ɗana, ina kwance a sama, ba wuta, ko'ina shiru. Masallacin bayan layinmu ya fara kiran la'asar. Sai gado ya yi lilo a hankali, kamar ana tura shi. Ƙwan fitilar da ke rataye ma ya motsa. Kafin in ce Yesu, ya tsaya."

Na tambaye ta ko kwanuka sun yi ƙara, ko bango ya tsage. Ta ce a'a, ba za ta ƙara abin da bai faru ba.

Na gaya wa Emeka lokacin ya dace da na na'urarmu. Abin da ta kwatanta kuma shi ne hawa na biyu: 'yan kaɗan ne ke ji, galibi waɗanda ke kwance a bene.

Ya ce, "To ni me ya sa ban ji ba, Oga?"

"Kana ina?"

"A shago. Janareta na aiki."

Can ya ce, "Maganar muryar Baba fa?"

Na ce wannan ba fannina ba ne. Ita ce ta amsa masa, ba tare da ta dube shi ba: "Mutumin da na zauna da shi tun ina budurwa, so kake in daina jin sa cikin 'yan watanni?"

Na yi musu sallama. A rahoton da na miƙa wa Dakta, Muchia ta samu hawa na biyu, sauran wuraren na ɗaya. Lambar girman ta fito daga baya, ƙarama ce, ba wanda ya damu da ita. Da na sake bi ta kasuwa, Emeka ya ce sun fasa tafiyar, sun dai sauko mata da gado ƙasa.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, idan kuka fita tambaya, kada ku tsaya ga yawan waɗanda suka ce ba su ji ba. Ku tambayi kowa inda yake da abin da yake yi a lokacin. Mutum ɗari suna iya faɗin gaskiya, ɗayan da ya saɓa musu ma gaskiya ya faɗa.