Baba Hambali Mai Molon Sheshe

Duk wanda ya bi ta unguwar Sheshe da hantsi ya san shi. A da, zai tarar da shi a ƙofar zaure, ya jingine molonsa a rana don fatar ta ɗame, yana taɓa tsirkiya yana kasa kunne. In ta yi masa, sai ya rataya ya nufi kasuwar Kurmi, inda fatake ke sauke kaya. Baba Hambali ke nan, Bafillacen da ya ajiye sandar kiwo ya ɗauki molo, danginsa suka yi ta fushi har suka gaji. Bai taɓa yi wa sarki kiɗa ba, roƙo ma bai iya ba. In ka ba shi ya karɓa, in ka hana shi gobe ma zai gaishe ka. Abin da ya iya shi ne take. Kowane falke yana da nasa kiɗan a hannunsa, kuma ko mutum ya mutu Hambali ba ya yar da takensa.

Mutanen Dala ba za su manta shekarar da aka sallamo waɗanda suka yi wa sojan Nasara dako a yaƙin Jamus ba. Cikinsu har da Ƙasimu, ɗan marigayi Ari falke. Ya dawo da ƙafafunsa, amma ba baki. Ba ya amsa suna, sai dai ya zauna ya zuba wa bango ido. An yi rubutu, an yi turare, shiru. Kawunnansa suka ce a kai shi gidan mari a ɗaure tun bai yi wa wani illa ba. Uwarsa Ya Kaka, wadda ba ta da wani ɗa sai shi, ta roƙi a ɗaga mata ƙafa zuwa Juma'a, ta ja mayafi sai Sheshe wajen Hambali.

Hambali bai yi mata alkawari ba. Ya dai zo ya zauna nesa kaɗan da Ƙasimu ya kama taken Ari, wanda Ƙasimu ya tashi yana ji duk sanda ayarin ubansa ya shigo ta Ƙofar Ruwa. Kullum da la'asar haka, Ƙasimu ko gezau. Kawunnan suka fara gunaguni, wai an mayar musu da gida dandali.

Ranar Alhamis Hambali ya kama taken tiryan-tiryan, da ya zo inda kiɗan yake hawa sai ya saukar da shi da gangan. Ya sake kamawa, ya sake ɓatawa. Ku tuna fa, mutumin nan in ya ji wani makaɗi ya kuskure tashi yake ya bar wurin. Ga shi yau yana ɓata nasa a gaban jama'a, har wata tsohuwa tana cewa wayyo, tsufa ya ci hannun Hambali.

Sai Ƙasimu ya juyo. Murya a dishe ya ce, "Baba, ba haka yake ba."

"To yaya yake, ɗan nan? Na manta."

Ƙasimu ya shiga rera shi da baki tun daga farko, yana kaiwa tsakiya kuka ya ƙwace masa. Ya Kaka tana bayan zana, sai ta zauna daɓas tana ta hamdala. Hambali kansa sai da ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, don dabarar da ta rage masa ke nan. Juma'a ta zo ta wuce, ba wanda ya ƙara tada zancen mari.

Yanzu yatsu sun sandare, Baba Hambali, ka rataye molo. Kai ne na Sheshe mai tsirkiya uku. Kai ne ka yarda a ce hannunka ya lalace don ɗan wani ya tsira. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka gama lafiya. Ku kuma makaɗan yanzu da ba ku taɓa tsirkiya sai a ƙofar mai babbar riga, ku je ku zauna gabansa tun yana raye. In ba ku san gidan ba, ku tambayi Ƙasimu a rumfarsa ta kanwa a Kurmi. Zai raka ku, amma ku shirya, don har ku isa ba zai bar ku ku sa baki ba.