Gwiwar da Na Gani a Zaman Tahiya

Abubuwa da yawa sun same ni a garin nan na New York na manta su sarai, amma wannan ko na so in manta ba zai yiwu ba, don duk ranar Juma'a sai na gan shi da idona.

Aikina dai ba wanda ya taɓa gane shi a gida. Mahaifiyata har ta koma ga Allah tana gaya wa mutane wai a gidan talabijin nake aiki, saboda duk sanda ta kira ni sai ta tarar ina gaban allo. Gaskiyar ita ce ilimin motsin jiki na karanta, na samu gurbi a wata ƙungiyar ƙwallon Amurka, irin wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, ƙarti suna ture juna. A wasan akwai mutum ɗaya mai jefa ƙwallo, a gabansa kuma ƙarti biyar da suke jeruwa su zame masa katanga. Ba sa taɓa ƙwallo sai na tsakiyarsu, ba a yi musu tafi, sai in sun yi kuskure ake jin sunansu. Ni su aka ba ni. Duk wanda aka ɗauka sabo, zan zauna a wani ɗaki marar taga in yi ta kallon bidiyonsa, in mayar baya in sake, in ga yadda yake dasa ƙafa, yadda yake lanƙwasa gwiwa, da inda yake ɓoye ciwo. Sai in rubuta rahoto in kai wa maigidana. Shi zai ce a kai mutum a ɗauki hoton cikin ƙafarsa, ko a bar shi ya shiga fili.

A shekarar da abin ya faru, bayan an gama zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, sai aka kira wasu da ba a zaɓa ba aka ba su kwantiragin gwaji. Ina duba jerin sunayen na ga wani suna irin namu. Na sake dubawa. Ashe ɗan wani Alhaji ne mutumin Damagaram, mai kanti a unguwar Mount Hope, inda nake zuwa daga tamu unguwar Parkchester sayen daddawa da kuka. Na san yaron sama-sama. Shekararsa ashirin da uku, in ya shigo kantin sai ya sunkuya, in kuwa ya tsaya a bakin ƙofa sai cikin ya yi duhu. Ga shi da kunya kamar sabuwar amarya. Yana jin Hausa tsaf, amma da Turanci yake amsawa.

Alhaji ya yi walima ranar wata Lahadi da rana. Falonsu ya cika maƙil da mutanen Nijar, da namu na Najeriya, har da 'yan Zangon Kumasi. Aka ci dambu aka sha fura, kowa yana bayanin wasan da bai taɓa kallo ba. Wani tsoho ya rantse shi fa abin bai fi masa kokawa da hular kwano ba. Can sai Alhaji ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya kira ni. Lokotoro yake ce mini, wato likita, duk da na gaya masa sau ba adadi ni ba likita ba ne. Ya kama hannun ɗansa, wani ƙaton hannu kamar faifai, ya ɗora a kan nawa a gaban kowa.

"Bon, Lokotoro," ya ce da ɗan Faransancinsu na Nijar, "mu ba mu san kowa ba can ciki sai kai. Ga amana nan na ba ka."

Na ce, "Na karɓa, Alhaji. Allah ya ba ni ikon riƙewa." Aka shafa fatiha. Ban ɓoye muku ba, kaina ya kumbura ranar. Shekara goma sha wani abu ina garin nan ba wanda ya san amfanina, yau ga dattawa suna nuna ni da baki.

Sati biyu bayan nan bidiyon atisayen yaron ya iso teburina. Gefen hagu yake tsayawa, wurin da ya fi kowanne wuya, don shi ke kare bayan mai jefa ƙwallo inda ba ya gani. Farkon abin da na kalla ya faranta mini rai. Hannayensa dogaye ne, yana da haƙuri, ba ya kai wa mutum cafka sai ya iso gare shi, kuma ba ka gaya masa abu sau biyu. Amma da aka kai wajen karo na ashirin sai na ga ƙafar hagu ta fara buɗewa waje idan zai ja da baya. Kaɗan ne ƙwarai, wanda ba aikinsa ba ne ba zai gani ba. Na mayar baya. Na rage gudun hoton. Duk sanda aka busa usur aka tsaya, sai ya jingina nauyinsa a ƙafar dama ya ɗan ɗage diddigen hagu. Na ce wa kaina gajiya ce. Na san ba gajiya ba ce, amma haka na ce.

Juma'ar makon ne ta raba gardama. Masallacinmu wani ɗaki ne a ƙarƙashin bene kusa da titin Grand Concourse, kuma yaron a ƙarshen sahu yake tsayawa saboda faɗin kafaɗunsa. Ranar na makara, sai na faɗa kusa da shi. Da aka ɗago daga sujada za a miƙe, na ji ya danne ƙasa da hannu biyu ya tashi a kan ƙafa ɗaya. Da aka zo zaman tahiya kuwa, ya kasa naɗe ƙafar hagun. Ya yi ƙoƙari, na ji numfashinsa ya sarƙe, sai ya zame ta gefe a hankali ya bar ta a miƙe. Allah ya yafe mini, wannan tahiyar ban san abin da na karanta a cikinta ba. A gaban likitoci mutum zai iya cije baki na minti goma ya wuce, amma a masallaci bai san akwai mai kallonsa ba.

Muna fitowa na ja shi gefen wata mota. Na ce, "Gwiwar nan tun yaushe?"

Ya kalli takalminsa. "I'm good, Kawu."

"Da Hausa na tambaye ka."

Sannan ya haɗo Hausarsa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar shinkafa. "Tun wasan ƙarshe. A makaranta. Tana kamawa, tana saki. Kawu, don Allah kar ka gaya ma su. Kar ka gaya ma Baba." Ya ce in an sani za a sallame shi tun bai saka rigar ba, tunda shi ɗan gwaji ne. Ya ce in bari kawai ya kai ƙarshen watan Agusta, lokacin da ake tace mutum casa'in a bar hamsin da uku, daga nan shi da kansa zai je wurin likita. Idanunsa sun yi ja. Can tsallaken titi ga Alhaji yana gaisawa da mutane, yana nuno mu da carbinsa yana dariya.

Ranar Litinin na zauna gaban takardar rahoton. Akwai wani gurbi a ƙasa da ake tambaya ko akwai alamar rauni da ya kamata likita ya duba. Na fi awa ina kallon gurbin nan. Mu fa an raine mu da kara. Dattijo ya ɗora hannun ɗansa a naka a bainar jama'a, ta yaya za ka zama kai ne silar dawo masa da shi gida? Na hango kaina ina shiga kantin, mutane suna yin shiru, ana cewa ai ɗan'uwansu ne ya soke shi wurin Turawa. A lokacin na ɗauka yaron nake tausayi. Sai daga baya na gane fuskata nake karewa. Na rubuta cewa yana da ɗan nauyin ƙafa ta hagu, matsalar koyo ce, horo zai gyara. A gurbin nan na ƙasa na rubuta babu.

Maigidana wani tsohon Bature ne da ya yi wasan a zamaninsa, yatsunsa duk a karkace. Ya karanta, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce ya ji yaron ɗan unguwarmu ne, ko akwai abin da na sani wanda ba ya cikin takarda? Na ce babu. Ya gyaɗa kai ya sa hannu. Bai sake duba bidiyon ba, don shekara bakwai ban taɓa kawo masa ƙarya ba.

Abin ya faru a farkon Agusta, da hantsi, ana zafi mai ɗanko. Ranar an saka hular kwano da sauran kayan karo sosai, an haɗa shi gaba da gaba da wani tsohon hannu. Ina tsaye bakin fili da allona. Aka busa, ya ja da baya taku ɗaya, biyu, mutumin ya sunkuyar da kai ya dake shi a ƙirji. Nauyin mutum biyu ya sauka a kan ƙafar hagun nan da ta buɗe waje. Na ji ƙarar daga inda nake, kamar an karya rake. Bai yi ihu da Turanci ba. "Wayyo Inna!" ya ce, kuma a duk filin nan ni kaɗai na san abin da ya faɗa. Aka zo da ƙaramar mota aka ɗauke shi. Da za su wuce ta gabana ya rufe fuskarsa da tawul.

Kwana biyu bayan nan likitan ƙungiya ya nuna mana hoton cikin gwiwar. Ya ce guringuntsin gwiwar ya daɗe da yagewa, shi ya sa take kamawa, ranar kuma da ta kama a mugun wuri sai jijiyoyin suka tsinke, har kan ƙashin ya taɓu. Ya ce da tun watan Mayu aka gani, aiki ne ƙarami, wata biyu ko uku ya warke. Yanzu kam tafiya za a nema masa, maganar wasa ta ƙare. Maigidana ya girgiza kai ya ce yaran nan da ɓoye ciwo. Ba wanda ya waiwayo ni. Ba a kore ni ba, ba a ko tambaye ni ba, kuma wallahi da an kore ni da na fi samun sauƙi.

Na san abin da wani zai ce, don ni ma na sha gaya wa kaina: da na rubuta gaskiya, wataƙila da sun sallame shi a makon. Haka ne. Da ya yi fushi da ni, da an yi gulmata a Mount Hope har a gaji. Amma da an gyara gwiwar, da wata ƙungiyar ta gwada shi baɗi, ko da ba a gwada shi ba da yana hawa bene da ƙafafunsa.

Sai da na yi wata guda ina kewaye titin kantin kafin na iya shiga. Da la'asar ce, Alhaji shi kaɗai yana jera gwangwanayen tumatir. Ya rame. Ya tarbe ni da fara'a, ya ce ya san na yi iya ƙoƙarina, ƙaddara ce. Wannan maganar ce ta karya ni. Na tsaya a gaban kanta na gaya masa komai, bidiyon, da zaman tahiyar, da gurbin da na rubuta babu.

Ya ajiye gwangwanin da ke hannunsa a hankali. "Ka gani, Lokotoro?"

"Na gani, Alhaji."

"Tun Mayu?"

"Tun Mayu."

"To mi ya hana ka faɗi?"

Na ce, "Nauyinku na ji. Kun ba ni amana a gaban mutane, na kasa zama wanda zai sa a dawo muku da shi."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Ni ɗana na ba ka. Ban ba ka riga ba, ban ba ka ƙwallo ba. Da ka maido mini shi ranar da ƙafarsa biyu, da ka cika amana." Ya juya ya ci gaba da jera tumatirinsa. Har yau muna gaisawa, yana tambayata iyali, amma bai sake ce mini Lokotoro ba. Malam yake cewa.

Shekaru sun wuce yanzu. Ina nan a wannan ɗakin marar taga, kuma duk abin da idona ya gani shi hannuna yake rubutawa, ko ɗan waye. An sallami mutane saboda rahotona, wasu sun zage ni, na kwana lafiya. Yaron kuwa an yi masa aiki sau uku, yana tafiya da ɗan ɗingishi, yana taya mahaifinsa a kanti. Bai taɓa ce mini komai ba, in mun haɗu ma shi yake fara gaishe ni, Kawu, kamar da. A bayan masallacinmu akwai kujerun roba guda shida da aka ajiye wa tsofaffin da ba sa iya sujada. Duk Juma'a in na shigo sai na gan shi a kan ta ƙarshe, ƙato a tsakiyar masu furfura, ƙafar hagu a miƙe.

Abin da na koya shi ne, in aka ba ka amanar mutum, lafiyarsa aka ba ka, ba farin cikin iyayensa na wata uku ba. Karar da za ta sa ka ga ciwo ka rubuta babu, ba mutunci ba ce, tsoro ne. Ni na ji kunyar Alhaji na yini ɗaya, ɗansa kuma zai yi sallah a kan kujera har ƙarshen ransa.