Ranar da Aka Karɓe Ajin Malam Ɗahiru

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da aka karɓe ajin Malam Ɗahiru ba. Ku sababbin malamai ba ku same shi ba. Makaho ne, kuma shi ya koya wa yawancinmu rubutun makafi a makarantarmu ta Malali, har da ni.

Da aka sabunta ƙa'idojin rubutun, aka soke wasu alamomi aka sauya wasu, sai umarni ya zo cewa kowane malami ya yi kwas ta intanet. Wanda ya ci ya riƙe ajinsa, wanda ya faɗi a mai da shi ofis. Muka taru a ɗakin kwamfuta. Mai koyarwar ta dinga haska hotunan ɗigo-ɗigon rubutun a allon kwamfuta tana cewa, "Kamar yadda kuke gani." Kwas na rubutun makafi, amma sai mai ido.

Kowace alama gurbin ɗigo shida gare ta. Sai na yanko kiret ɗin ƙwai mai rami shida, duk alamar da ta fito in jera lemun tsami a ramukan, Malam ya shafa. Da haka muka kai ƙarshen kwas ɗin.

Ranar jarrabawa kyamara a kunne take, tambayoyin ma hotuna ne. Ina jera masa ta farko sai mai sa ido, da ke kallonmu ta kyamarar, ta ce, "Hannun wane ne wannan?"

Na ce, "Hajiya, tambayar nake nuna masa, ba amsa ba. Ba ya gani."

Ta ce, "Doka ta hana mataimaki." Ta rufe shafinsa, aka rubuta masa satar amsa.

Na je wajen hedimasta raina a ɓace. Ya ce, "Malam Bala, ni ma umarni nake bi. Kai ka ci, kai za ka karɓi ajin."

Malam Ɗahiru bai yi gardama ba. Da yake miƙa mini makullin ajin ya ce, "Bala, kada ka duba aikin yaran nan da ido. Ɗigon da ya yi kyau a ido ba lallai ya tashi a yatsa ba."

Bai shekara a ofis ba ya ajiye aiki. Har yau abin yana ci mini rai. Na gane cewa a aikin nan masu ido ke yanka wa makafi doka, ba su taɓa rufe ido sun gwada ta ba. Satifiket ɗina yana rataye a ajinsa, ni da har gobe da ido nake karanta rubutun makafi.