Ranar da Ban Juya Babur Ba

Jiya da la'asar muna kallon fim ɗin Tamil mai fassara a wayar abokina Sale. Da aka zo inda jarumin ya koma cikin 'yan daba shi kaɗai don ya ceto amininsa, sai na sunkuyar da kai.

Bara 'yan bindiga suka tare mu a hanyar Kuyello. Sale ya faɗo daga bayan babur ɗina, ni kuwa na ƙara wuta. Wata biyu ya yi a daji.

Na ce, "Sale, ka yafe min."

Ya ce, "Haba mutumina, a fim ake komawa. Ko ni ke tuƙin, ba zan juyo ba."

Wallahi da zagina ya yi, da ya fi min sauƙi.

Tsakani da Allah, da ku ne, za ku juya?