Likitan Sugan Yara Da Batsari Ba Ta Samu Ba

Watan Rajab ɗin nan ya cika shekara bakwai da aka fita da ƙanena, Dakta Kabiru, daga zauren gidanmu na Batsari zuwa makwancinsa. Hatsarin mota ne a hanyarsa ta zuwa gida, da rana tsaka, saura 'yan watanni ya kammala horon da ya tafi yi. Ni ce babbar yayarsa, ni na goya shi, kuma har yau ban saba da rashinsa ba.

Gidanmu gidan malamai ne. Mahaifinmu, Baba Malam, allo da tawada ya sani, ni kuma ina koyarwa a Islamiyya. Kabiru ne ya fita zakka. Ya gama karatun likita muka yi murna, ya ce da saura. Ya shekara da shekaru yana koyon aikin likitan yara, ya sake cewa da saura. Ranar da ya zo da maganar wani horo na shekara biyu a kan ciwon suga na yara da cututtukan da ke hana yaro girma ko balaga, Baba Malam ya dube shi ya ce, "Kai Kabiru, ko Alƙur'ani ana sauke shi. Naka karatun ba ya da sauka ne?" Ni kuwa tsiya nake yi masa, in ce furfura za ta riske shi da jakar makaranta a kafaɗa.

Tsiya ce kawai, don na fi kowa sanin abin da ya kai shi. 'Yata Rukayya tana shekara shida ta fara ramewa, ga ci kamar gara, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Muka ce shawara ce. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi rubutu, ni kuma na dage da ɗura mata zuma safe da yamma, wai ina ƙara mata ƙarfi. Kabiru ya zo hutun Sallah, ya ga kiyashi sun yi dandazo inda ta yi fitsari a bayan ɗaki. Ya daɗe a tsaye yana kallo, sannan ya ce, "Yaya, tun yaushe ake haka?" A ranar ya ɗauke mu zuwa asibiti a Katsina, aka tabbatar ciwon suga ne. Zumar nan tawa har gobe ban yafe wa kaina ita ba.

Daga baya ya faɗa mani cewa shi kansa, da duk karatunsa, sai da ya yi ta buga waya nesa kafin ya san yadda zai daidaita mata allurar insulin. Ya ce jikin yaro kullum canzawa yake yi, abin da ya ishe shi bana ba zai ishe shi baɗi ba, kuma wannan ilimi ne mai zaman kansa da ba mu da mai shi a kusa. Shi ya koya mani yin allurar. Shi ya nuna mani yadda zan binne tulu cikin jiƙaƙƙen yashi in ajiye maganin, tunda wutar lantarkinmu baƙuwa ce.

Akwai abu ɗaya da ya fi nanata mani. A wajenmu kowa ya yarda ba a yi wa mutum allura da yunwa. Ko mai kemis, kafin ya taɓa yaro, sai ya tambaya ko ya ci abinci. Kabiru ya ce a wannan ciwon ranar da yaro ya yi zazzaɓi ya ƙi abinci ita ce ranar da ba a kuskura a tsayar da allura. A gwada jini, a kira shi, ya faɗi nawa za a yi. Burinsa in ya gama ya riƙa zama yini ɗaya a Batsari, yini ɗaya a Safana, ya koya wa ma'aikatan lafiya na ƙauyuka irin su Karare da Zakka yadda za su gane ciwon tun yaro yana tafiya da ƙafarsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo yau. Ƙauyukan da yake lissafawa, mutanensu da yawa sun taso sun dawo cikin gari, sun bar gona da rumbu saboda 'yan bindiga. Ma'aikacin lafiya in an turo shi, kafin a san sunansa ya nemi canji. Abokan Kabiru da suka gama wannan horon suna manyan birane, wasu sun haye ƙasashen waje. Da farko na ji haushinsu ƙwarai. Yanzu na daina, don da ɗana ne ni ma ba zan ce ya zo ba.

Da daminar bara wata mata daga Yasore, cikin waɗanda suka yi gudun hijira, ta faɗo gidanmu da yarinya a kafaɗa. An ce mata ta zo wurin yayar likita. Yarinyar ba ta wuce shekara takwas ba, tana ta jan numfashi da ƙarfi, ba ta san wanda ke kanta ba. Uwar ta ce dama tana kan allurar suga, zazzaɓi ya kama ta, ta ƙi ko da kunu.

"Sai kakarta ta ce a dakata da allurar har ta ci wani abu. Yau kwana ukku. Malama, mi za ni yi mata?"

Na san kuskuren, na san sunan abin da ke faruwa, amma ban san nawa za a yi mata ba, kuma babu wanda zan kira. Muka nema masu mota zuwa Katsina. Ba su kai rabin hanya ba ta cika. Ban ga laifin kakar ba. Abin da ta gada ta faɗa, kuma mutumin da ya yi niyyar zuwa ya gyara mata shi yana kwance a bayan gari.

Rukayya yanzu shekararta sha bakwai. Tun rasuwar kawunta muke jeka-ka-dawo da asibiti, kowane zuwa sabuwar fuska, kowa ya ƙara ko ya rage gwargwadon saninsa. Suna ƙoƙari, Allah Ya saka masu, amma ba fanninsu ba ne, kuma wasu daga cikinsu sun faɗa mani haka da bakinsu. Shekarun balagarta sugan ya yi ta hawa da sauka yadda ya ga dama, babu mai riƙe da linzaminsa. Kabiru kuwa ya sha faɗa mani cewa sugan da aka bari haka a hankali yake cin ido.

In na auna abin da ya rage na Kabiru, ba na ruɗin kaina. Babu ɗakin duba yara da sunansa, babu ko mutum ɗaya da ya samu ya horar. Abin da ya tara a kansa tare da shi aka rufe. Abin da ya saura shi ne yarinyar nan da ya ƙwato daga hannun jahilcina, ya ba ni aron shekara goma sha ɗaya da ita. Na gode wa Allah a kan haka, ina kuma roƙon Ya kai haske kabarinsa. Amma tsoro nake ji, kuma ba na jin akwai wani yana tafe.

Ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, ina shirin fita makaranta, na ga Rukayya zaune a bakin ƙofa inda haske ya fi yawa. Ita ke yi wa kanta allura tun tana 'yar shekara goma sha ɗaya, ba ta taɓa neman taimakon kowa ba. Ta ɗaga sirinjin sama, ta matso da shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta murza idon da bayan hannu. Sannan ta miƙo mani.

"Umma, duba mani layi nawa na ja. Ban ganin su sosai."