Lukumanu Magini da Jakin Ƙarfe

Duk wanda ya taɓa sa a yi masa yaɓe a tsohon garin Agadas ya san Lukumanu magini. Ko bai san sunansa ba ya san tafiyarsa, don gwiwoyinsa sun buɗe waje, yana takawa a hankali kamar mai tsoron fasa ƙwai. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana taka ƙasar gini da ƙafa, tun yana bin mahaifinsa zuwa bakin koramar Telwa suna ɗebo ta a bayan jakuna. Gidajen da ya gina a unguwannin Obitara da Katanga suna nan tsaye, kuma ba ya jin kunyar nuna su. In ya wuce wani sai ya shafa bangon da tafin hannu, ya faɗi shekarar da ya yi shi, ko da babu wanda ya tambaya.

Mutum ne mai yarda da kansa, kuma gaskiya yana da dalili. Yana da wata ɗabi'a da ya gada a wurin magina na da, wadda bai taɓa karya ta ba: magini ba ya sa baki a aikin wani magini sai an kai masa goro an nemi shawararsa. An ce ya taɓa shafe wata uku yana wuce katangar wani garke da ya san ba za ta ga ƙarshen damina ba, yana gaisawa da mai aikin kullum, bai ce uffan ba. Da ta faɗi aka tuhume shi, sai ya ce ai hanyar gidansa ba a ɓoye take ba, goro kuma ba a daina sayar da shi a kasuwa ba.

'Ya'yansa maza biyu babu wanda ya ɗauki sana'ar. Alhassan yana tuƙin mota a hanyar Segedin, Zakari yana aikin gawayi a Cirozerin. Lukumanu bai hana su ba, amma abin ya ci masa rai, ya kuma riga ya yanke a zuciyarsa cewa ginin gidansu da shi zai shiga kabari. Wadda ta rage a gida ita ce autarsa Lailatu, da ta yi karatun injiniya a Yamai ta dawo. Wani kamfani a can ya ba ta aiki, ya ce zai jira ta har farkon damina. Ita kuwa ta ce sai ta gwada wani abu tukuna. In ya yi, ta zauna a Agadas, in bai yi ba ta tattara ta tafi. Lukumanu ya ji wannan magana sarai. Ba ya son ta tafi ko kaɗan, sai dai ya fi ƙarfin ya faɗa da bakinsa.

Abin da take gwadawa na'ura ce mai taka ƙasa. Ta yanka tsohon tano, wato gangar ƙarfe, gida biyu, ta sa masa ƙafafun ƙarfe huɗu masu hawa da sauka, da pano mai ɗaukar hasken rana, da wata 'yar aba mai auna danshi wadda ke tsayar da ƙafafun in ƙasa ta kwaɓu. Ita da abokanta suna kiranta robo. Lukumanu ya duba ta sau ɗaya a kangon da ke bayan gida, ya raɗa mata jakin ƙarfe, sunan kuma ya bi ta. Bai san cewa gwiwoyinsa ne suka sa yarinyar ta fara tunanin abin ba, ita ma ba ta gaya masa ba. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, har a taurin kai.

Akwai wani grup a waya da Lailatu take ciki, mutum ɗari biyu da wani abu, daga Yamai da Damagaram har da waɗanda ke ƙasashen Turai. Zancensu kullum sauyin yanayi da gidaje. Ruwa ya fara sauka a Agadas irin wanda tsofaffi ba su saba gani ba, gidajen ƙasa suna zubewa, zafi kuma sai ƙaruwa yake yi. Kowa a grup ɗin yana da magani. Wannan ya ce a dasa itatuwa, wancan ya ce a kawo na'urar da ke zuba gida gaba ɗaya a kwana biyu, wani Mansur da ke Yamai kuwa ya kafe a kan cewa zamanin ƙasa ya wuce, siminti da tol, wato kwanon rufi, kawai. Lailatu takan karanta musu wasu saƙonnin lokacin cin abincin rana. Lukumanu yakan saurara yana tauna, daga baya ya tambayi ko akwai wanda ya taɓa ɗora tubali a kan tubali a cikinsu.

A wannan grup ɗin ta ji labarin wata ƙungiya da ke tallafa wa matasa masu ƙirƙira. Ta shiga gasarsu da ake kira konkur, ta tsallake zagaye biyu. Na ƙarshe shi ne a gina 'yar katanga da ƙasar da na'urar ta taka, a nuna ta kai tsaye ta bidiyo a gaban alƙalai da 'yan grup. Wanda ya ci za a ba shi abin buɗe wurin aiki.

Jakin ƙarfe ya yi aikinsa, babu ƙarya. Abin da ƙato uku za su wuni suna takawa, shi kafin azahar ya gama. Lailatu ta jiƙa ƙasa da safe, na'ura ta taka, da la'asar an buga tubali. Kwana uku da shanya su sai ga tsaga. Ta sake, suka sake tsagewa. Ta ɗauki ɗaya ta sake shi daga tsayin ƙugu, ya watse kamar busasshen ƙuli. Saura mako biyu a yi nuni.

Ta sa hotunan a grup, shawara ta yi ta zuba. A ƙara ruwa, a rage ruwa, a sauya abin auna danshi, a zuba siminti kaɗan babu wanda zai sani. Mansur ya rubuta cewa ai dama ya faɗa. Duk wannan Lukumanu yana ji. Tun ranar farko da ya leƙa kangon ya ga an jiƙa ƙasa an buga ta rana ɗaya, ya san abin da zai faru. Maganar tana nan a bakinsa, tana ƙona shi, ya haɗiye ta. Ya rage cin abinci, ya riƙa faɗa da kaji a tsakar gida.

Matarsa Fulera ta gaji da kallon su biyun. Wata safiya bayan Lailatu ta fita, ta ajiye masa shayi ta tsaya a kansa.

“Malam, kai ka san abin da ke damun tubalin nan.”

“Na sani.”

“To mi kake jira? Sai ta hau motar Yamai?”

“Ba a tambaye ni ba.”

“Ɗiyarka ce fa. Cikinka.”

Lukumanu ya kurɓi shayi ya ajiye. “Da wasa take yi, da tuni na kira ta na ce ke yarinya ba haka ake yi ba. Wannan ta auna fili, ta ɗebo ƙasa, ta buɗe aikinta da hannunta. Magina ce. Ni ban taɓa shiga aikin magini ba sai ya kira ni.”

Fulera ta ce Allah ya shirya masu taurin kai, ta ɗauki mayafinta ta zagaya kango. Ta tarar da Lailatu zaune a kan buruwet, baron da ake ɗibar ƙasa da shi, waya a hannu, fasassun tubala a gabanta. Ta maimaita mata maganar uban kalma da kalma. Lailatu ta ajiye wayar. Duk kwanakin nan ta ɗauka raini ne ya hana shi magana, har ta yi kuka a kan haka a ɓoye.

“Inna, haka ya ce? Magina?”

“Haka ya ce. Ni dai na gaji da ku. Ki je ki sayo masa goronsa.”

Da hantsi Lukumanu yana zaune a zaure sai ya ji sallama daga waje, muryar da ya sani tun ranar da ta fara kuka a duniya. Lailatu ba ta shigo ta cikin gida ba, ta zagayo ta ƙofar titi kamar baƙuwa. Ta cire takalmi, ta durƙusa, ta ajiye goro a ɗan ƙunshin ganye. Ta ce tana da aiki a kangon baya, tubalinta yana tsagewa, ta zo neman shawarar babban magini. Lukumanu ya kwance ƙunshin a natse, ya fasa goro ɗaya, ya ɗan ciza. Daɗi ya cika shi har yana tsoron ya nuna a fuskarsa.

“Ƙasarki ba ta kwana ba,” in ji shi.

“Ƙaƙa ba ta kwana ba, Baba?”

“Kin jiƙa da safe kin buga da marece. Ƙasa ba a yi mata haka. Ki jiƙa ta, ki zuba mata ciyawa da kashin jaki, a taka, ki rufe ta ki tafi harkarki. Kwana biyar. Sai ta ruɓa, warinta ya sake, ta yi yauƙi. Sannan a sake takawa a buga. Jakinki ya iya taki, ban ƙi ba. Haƙuri ne ba ki koya mishi ba.”

Abin da ya sa babu ko ɗaya a cikin mutum ɗari biyun nan da ya faɗi haka, mai sauƙi ne. Masu taka ƙasa da ƙafa dole suke barinta ta kwana, don jiki ba ya iya gamawa rana ɗaya, har abin ya zama ba a ma ambatarsa. Na'ura ta zo ta cire gajiyar, sai ta tafi da kwanakin tare da ita. Sauri ya haifi nawa.

A ranar suka jiƙa sabuwar ƙasa. Ran na biyar Lukumanu ya yaye buhunan da aka rufe ta da su, ya sunkuya ya shinshina, ya ce a kunna jaki. Bayan kowane ɗan lokaci sai ya sa a tsayar, ya naɗe wando ya shiga da ƙafar dama, ya danna diddige ya zaro. Sau shida yana girgiza kai. A na bakwai ƙasar ta riƙe ƙafar ta sake ta da wani ɗan sauti, ya ce yanzu ta yi. Lailatu ta rubuta lambar da abin awo ya nuna a daidai wannan lokacin, ta saita na'urar a kai. Rana kuwa ta bazara ce, cikin kwana shida tubala suka bushe ƙamas, babu tsaga ko ɗaya.

Ranar nuni aka jingina waya a kan tano, katanga tana bayansu. Lailatu ta yi bayaninta da Faransanci, ta saki tubali daga tsayin kafaɗa ya faɗi bai fashe ba, ta kwarara wa katangar bokiti goma na ruwa. Sai Mansur ya nemi magana, ya ce duk da haka wa zai so gidan ƙasa a wannan zamani. Lukumanu, da aka ce ya tsaya a gefe kawai, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa wayar.

“Wa ke magana? Mansur? To Mansur, ka zo Agadas cikin watan nan. Ina da ɗakin da na gina shekara talatin da suka wuce, maƙwabcina yana da na siminti da tol. Ka kwanta a nashi da azahar, gobe ka kwanta a nawa. In ka tashi ka gaya wa mutanenka abin da ka ji. Gidajen da ruwa ya kayar, yaɓe aka daina yi musu, don masu taka ƙasa sun ƙare. Ga mai takawa an samu.”

Lailatu ta fassara wa alƙalai, ta ɗan rage kaifin. Bayan kwana tara saƙo ya zo cewa ita ta ci.

Gida ya cika da barka, amma Lukumanu bai saki jiki ba. An ci konkur, sai dai bai ji ta ce ta sallami mutanen Yamai ba, damina kuma tana matsowa. Tambaya kai tsaye ba ta cikin halinsa. Ya kwana biyu yana juya abin. A na uku ya tafi kasuwa da tafiyarsa ta mai tsoron fasa ƙwai, ya zaɓi goro fari manya, ya zagaya ta titi zuwa ƙofar kango ya yi sallama. Lailatu ta fito hannunta duk baƙin mai. Ganin ƙunshin ganye a hannun ubanta ya sa ta tsaya cak.

Durƙuso ya gagari gwiwoyinsa, don haka ya zauna a bakin buruwet ya miƙa mata.

“Na karɓi yaɓen gidaje huɗu a Katanga,” in ji shi. “Ƙafata ba za ta iya ba. Na zo neman magina da jakinta. Amma aikin mai tsawo ne, zai kai bayan damina.”

Lailatu ta goge hannu a zane, ta karɓi goron da hannu biyu. Ta fasa ɗaya ta ciza, kamar yadda ta ga yana yi, idanunta sun cika da ƙwalla.

“Na karɓa, Baba. Wannan daminar, da ta bayanta ma, ina nan.” Ta share ido da bayan hannu. “Ƙasar taka, yaushe aka jiƙa ta?”

“Jiya.”

“To sai ka yi haƙuri. Saura kwana huɗu.”